Ƙarfen da ke yin ciki a zafin Jidda da Makka: laifin wa ne, kuma me kwamfuta ta sani a kai?

Me ke sa farantin ƙarfe da aka kafa shi sumul, ba wanda ya doke shi, ba wanda ya jingina masa kaya, a wayi gari ya yi ciki? Duk shekara da zarar watan Yuni ya kama, wannan rigima sai ta taso tsakanin mutanenmu masu walda a Makka da Jidda da waɗanda suka ba su aiki. Mai gida ya ce an cuce shi, ƙarfen jabu aka sa masa. Mai walda ya yi ta rantsuwa cewa kayansa masu kyau ne, zafin garin ne ya narkar da su. In aka je wurin mai sayar da ƙarfe a Sana'iyya, unguwar masu sana'o'i, shi kuma ya ce hannun da ya yi aikin ne bai iya ba.

Yanzu kuma gardamar ta samu sabon baƙo. 'Ya'yanmu da ke karatun injiniya suna dawowa gida da hotuna masu ja da shuɗi a waya, suna cewa kwamfuta na iya faɗin zafin da faranti zai banƙare tun kafin a yanka shi, har da wata hanyar lissafi da suke ce wa marar raga. Wasu iyayen sun ɗauki abin yankan wuƙa, abin da kwamfuta ta faɗa ya zauna. Wasu kuma sun ce zane ne kawai, yaron da bai taɓa kunna injin walda ba wa zai koya wa halin ƙarfe? Kowane ɓangare akwai abin da ya kama, akwai wanda ya kuɓuce masa.

Rana ba ta narkar da ƙarfe

Akwai wata ƙofar gida a kudancin Jidda da kawuna ya yi, shi mai walda ne tun kafin a haife ni. Ganye biyu ce, an shafe ta da baƙin fenti, tana kallon yamma. Kullum bayan la'asar kaɗan sai a ji ta yi ƙara, ɓam, kamar an jefi ganga da dutse, tsakiyar kowane ganye ta turo waje. Bayan isha'i ta sake yin ƙarar, ta koma yadda take. Uwargidan har ta fara zargin ko ba su kaɗai ba ne a gidan. Mai gidan ya kira kawu ya ce, "Malam, ko ka canza min ƙarfen nan ko ka dawo min da kuɗina." Kawu ya ɗora tafin hannu a kan ganyen, ya janye da sauri, ya ce, "Alhaji, taɓa ka ji. Wannan zafin ko dutse ne sai ya yi laushi."

Kawu ya gano mai laifin, amma ya kuskure yadda aka yi ɓarnar. Zafin nan namu ba na wasa ba ne, kowa ya sani. A watan Yunin 2024, lokacin aikin Hajji, ma'auni ya nuna digiri 51.8 a Masallacin Harami, Jidda kuma ta taɓa kai digiri 52 a Yunin 2010. Baƙin ƙarfe da ke tsaye cikin rana yakan haura digiri 70. Sai dai ƙarfen gini ba ya narkewa sai wajen digiri 1,500, kuma sai ya kusa 600 kafin ya rasa rabin ƙarfinsa. Alminiyam yana narkewa a 660. Saboda haka ganyen ƙofar Alhaji, a digiri 70, ƙarfinsa na nan daram kamar ranar da ya fito daga masana'anta. Babu laushin da ya yi.

Ƙarfe na neman wurin miƙewa

Duk ƙarfe in ya ji zafi yana ƙara tsawo. Na gini, kowace mita ɗaya tana ƙaruwa da kimanin milimita 0.012 a kan kowane digiri. Alminiyam ya kusa ninka haka, milimita 0.023. Shinko, wato kwanon rufi, mai tsawon mita 6 da aka ɗaura da asuba, in rana ta ƙara masa digiri 50, zai ƙaru da milimita 3.6, wato rabin kaurin fensir. In an bar masa wurin da zai miƙe, magana ta ƙare, ba wanda zai ma san ya motsa.

Matsalar tana farawa ne in an ɗaure shi ta ko'ina. Ƙarfen da aka hana shi wannan 'yar miƙewa, matsin da ke taruwa a cikinsa a ƙarin digiri 50 ya wuce nauyin tan ɗaya a kan kowane santimita murabba'i na yankansa, wurin da bai fi farcen yatsa ba. Mai kauri yakan haɗiye wannan matsi ya yi shiru. Siriri ba zai iya ba, sai ya nemi hanyar tsira, kuma hanyar da ta fi masa sauƙi ita ce ya kauce gefe. Cikin da ake gani ke nan.

Kowa na iya gwada wannan a kan tabarmarsa. Shimfiɗa takarda a kan faifai ko tebur, ka ɗora yatsa a kowane baki, ka turo su ɗan kaɗan zuwa ga juna. Turin da idonka bai ma gani ba, tsakiyar takardar ta tashi sama. Haka lissafin yake a ƙarfe: siririn falle mai faɗin mita ɗaya, in ya fi firam ɗinsa zafi da digiri 20, rarar da ya samu ba ta kai rubu'in milimita ba, amma tudun da zai yi a tsakiya ya kusa santimita ɗaya. Rarar da ba a gani ita ke haifar da cikin da maƙwabta ke nunawa da baki.

A lura da kalmar "ya fi firam ɗinsa zafi", domin nan ne mutane da yawa ke ɓata. Da falle da firam za su ɗau zafi tare, daidai wa daida, da sun miƙe tare lafiya lau. Amma falle mai milimita 2 yana ɗaukar zafi cikin 'yan mintoci, bututun firam mai kauri da ke manne da ginin siminti yana biye a hankali, wani ɓangarensa ma yana cikin inuwar katanga. Wannan bambancin shi ne fitinar. Akwai kuma wani abin da ban ji ana ambata ba: dokar hana aiki cikin rana daga sha biyu zuwa uku na rana, wadda ke aiki daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, da kuma hankali na kowa, sun sa yawancin kafi ana yin sa da sanyin safiya ko da dare. Doka ce mai ceton rai. Illa dai ƙarfen da aka ɗaure yana sanyi shi ne zai fi neman wuri in azahar ta yi, kuma dole mai aiki ya sa wannan a lissafinsa.

Ita kanta waldar tana barin nata tabon. Layin da aka ƙona yana tsukewa in ya huce, ya ja gefen fallen, tsakiya ta zama ta yi wa firam yawa tun ƙofar ba ta bar warsha, wato shagon mai walda, ba. Rana tana zuwa ne ta ƙarasa.

Kauri ne sarki, ba ingancin ƙarfe ba

Masana sun daɗe da wannan magana. Leonhard Euler ya fitar da lissafin lanƙwashewar siririn ginshiƙi a 1744. Bajamushe Gustav Kirchhoff ya kafa ƙa'idar lanƙwasar siraran faranti a 1850, sannan Baturen Ingila G. H. Bryan ya warware lissafin farantin da ake matsa ta baki a 1891. Daga aikinsu ake samun amsar faranti mai kusurwa huɗu da biro da takarda, ba sai da kwamfuta ba.

Ɗauki farantin ƙarfe mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, an riƙe bakunansa huɗu yadda ba za su matsa ba, amma suna iya karkata kamar ƙyaure a kan hinji. In kaurinsa milimita 10 ne, zai banƙare da zarar ya fi abin da ke riƙe da shi zafi da digiri 10 da ɗan ɗoriya. In an ninka kaurin ya zama 20, sai ya kai wajen digiri 42. Ninka kauri sau biyu, juriya ta ninku sau huɗu. A juya ta ɗaya ɓangaren kuma abin ya ba da tsoro: falle mai milimita 2, irin wanda ake yi wa ƙofofi, bai kai ga jure rabin digiri ba. Ƙofar Alhaji ba ta da wata kariya tun ranar farko.

Abin da ya fi ba ni mamaki lokacin da na fara bin wannan lissafi shi ne taurin ƙarfen ba ya cikin amsar sam. Ƙarfe mai tauri ya fi ƙin lanƙwasa, gaskiya ne, amma kuma ya fi turi da ƙarfi in an hana shi miƙewa, sai biyun su cinye juna. Kusan abin da ya rage shi ne yawan miƙewar ƙarfen, da kaurinsa in an gwada da faɗinsa, da yadda aka riƙe bakinsa. Ke nan zargin "ƙarfen jabu" bai da wurin zama a nan, sai ta fuska ɗaya: in an sayar maka da milimita 1.5 da sunan 2. Wannan ha'incin akwai shi a kasuwa, kuma ma'aunin kauri na 'yan riyaloli kaɗan ya isa ya tona shi.

Sai batun riƙon baki. Farantin nan mai milimita 10, in aka danne bakunansa ƙam yadda ba matsawa ba karkata, juriyarsa tana tashi daga digiri 10 zuwa wajen 28. In kuma aka bar bakin yana zamewa, to ba ya banƙarewa ko kaɗan in zafin ya game shi daidai. Faranti ɗaya, ƙarfe ɗaya, amsa uku. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Inda biro da takarda suka gaza

Duniya ba ta cika da faranti masu kusurwa huɗu da zafi ya game daidai ba. Akwai mai huda a tsakiya, mai haƙarƙari a baya, mai zagaye, wanda rabinsa ke rana rabi ke inuwa, wanda fuska ɗaya ke shan wuta ɗayar na shan sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Waɗanda abin ya fara ci wa tuwo a ƙwarya su ne masu ƙera jiragen sama bayan yaƙin duniya na biyu, domin jirgin da ya wuce gudun sauti iska kanta tana gasa fatarsa. Jirgin leƙen asirin Amurka SR-71, wanda ya fara tashi a 1964 yana ninka gudun sauti sau uku, an yi wa wani ɓangaren fatar fukafukansa kwari da tudu kamar kwanon rufi don ta samu wurin miƙewa, kuma an bar sassansa sakwa-sakwa har mai na ɗiga daga jikinsa in yana ƙasa, sai ya ɗau zafi a sama suke haɗewa.

Daga irin wannan buƙata aka samu hanyar da injiniyoyi ke taƙaita sunanta da FEM, mu ce mata hanyar raga. Wata maƙala ta 1956 da Turner, Clough, Martin da Topp suka rubuta ita ce ake ɗauka mafarinta a aikin injiniya, Ray Clough kuma ya raɗa mata suna a 1960. Dabarar mai sauƙin faɗa ce. Tun da ba za a iya lissafa farantin gaba ɗaya ba, sai a yayyanka shi a cikin kwamfuta zuwa ƙananan gutsattsari masu kusurwa uku ko huɗu, kamar mai shimfiɗa tayil. Kowane guntu lissafinsa mai sauƙi ne. An san wane ne ke manne da wane, kusurwa da kusurwa, sai a ɗinke su a samu amsar duka. Zanen layukan da ke raba gutsattsarin shi ne ragar. Manhajojin da kamfanoni ke aiki da su a yau, irin su ANSYS, Abaqus da NASTRAN, a kan wannan aka gina su.

To me ya sa ake neman tserewa daga raga?

Duk wanda ya taɓa ganin mai tayil ya iso wurin bututun banɗaki ya san amsar farko. Fili miƙaƙƙe ba wuya, amma zagaye huda da lungu sai an yi ta yanka ana gyara, kuma a babban aiki shirya raga kan cinye lokacin injiniya fiye da lissafin kansa. Na biyu, in farantin ya lanƙwashe sosai ko ya tsage, gutsattsarin suna murɗewa su fita daga siffarsu, amsa ta fara lalacewa, sai an tsaya an sake saƙa wata ragar.

Na uku shi ne wanda ya shafi siraran faranti kai tsaye, kuma ya fi daɗin fahimta. Ƙa'idar Kirchhoff tana buƙatar lanƙwasa ta tafi sumul, ba karyewa. A bakin da gutsattsari biyu suka haɗu, bai isa a ce tsayinsu ya zo ɗaya ba, dole karkatarsu ma ta zo ɗaya, in ba haka ba farantin kwamfutar zai zama kamar takardar da aka ninke maimakon wadda aka tanƙwara. Ƙirƙiro guntun da ke cika wannan sharaɗi ya wahalar da masana shekaru. Da yawa suka koma ga ƙa'idar Reissner ta 1945 da ta Mindlin ta 1951, waɗanda aka yi don faranti masu ɗan kauri, ba su da wannan sharaɗin. Sai wata cuta ta ɓullo: in farantin ya yi siriri ƙwarai, gutsattsarin kan ƙage, su nuna taurin da babu shi. Illar a fili take. Kwamfuta za ta ce farantin zai jure zafin da ba zai jure ba. An samo magunguna, manhajojin yau suna ɗauke da su, amma dabaru ne na toshe ɓaraka.

Lissafi marar raga: ɗigo da maƙwabtansa

Mu da ke zaune kusa da Harami muna da misalin da ya fi kowane. A sahun salla kowa ya san na damansa da na hagunsa, kafaɗa da kafaɗa, kuma ba sa canzawa har a sallame. Raga ke nan. A ɗawafi kuwa ba wanda aka ɗaura wa maƙwabci. Kowa yana tafiya ne gwargwadon motsin waɗanda ke kusa da shi a wannan lokacin, na jikinka ka fi jin turinsa, na nesa kaɗan-kaɗan, wanda ke can ɗaya gefen ba ruwanka da shi. Duk da haka taron yana juyawa kamar abu ɗaya.

Haka hanyar marar raga take. Ana barbaɗa ɗigogi a jikin farantin, a yawaita su inda ake tsammanin rikici, kamar bakin huda, ba tare da an ja layi tsakaninsu ba. Kowane ɗigo yana da da'irar da tasirinsa ke kaiwa, yawanci ninki biyu zuwa huɗu na tazarar da ke tsakanin ɗigogi. In ana son sanin yadda wani wuri ya motsa, sai a tattaro ɗigogin da da'irarsu ta rufe shi, maganar na kusa ta fi nauyi, ta na nesa ta ragu. Da yake da'irorin suna hawa kan juna, kuma nauyin yana raguwa a hankali, lanƙwasar da ake samu tana fitowa sumul da kanta. Sharaɗin Kirchhoff da ya hana masu raga barci, a nan kyauta ake samun sa.

Asalin dabarar ba daga maƙera ta fito ba. Masu nazarin taurari ne, Lucy a gefe guda, Gingold da Monaghan a ɗaya gefen, suka fito da wata hanyar ɗigogi da ake kira SPH a 1977 don kwaikwayon iskar gas da ke sararin samaniya, inda babu bango balle raga. Lancaster da Salkauskas suka tsara lissafin auna maganar maƙwabta a 1981. Wasu Faransawa, Nayroles, Touzot da Villon, suka shigo da shi aikin injiniya a 1992, sannan Ted Belytschko na Jami'ar Northwestern a Amurka, tare da Lu da Gu, suka gyara shi a 1994 ya zama hanyar EFG, wadda ta fi shahara. Ba a jima ba Krysl da Belytschko suka gwada ta a kan siraran faranti.

Yadda kwamfutar ke gano zafin banƙarewa iri ɗaya ne, da raga ko babu. Tana auna abu biyu: ƙin lanƙwasa da farantin ke da shi, da turin da zafi ke yi daga ciki. Sai ta nemo mafi ƙarancin zafin da turin zai cinye ƙin. Tare da wannan adadi tana ba da siffar da farantin zai ɗauka, ciki ɗaya ne ko igiyoyi. Hoton ja da shuɗin nan da yara ke nunawa siffar ce kawai, an kumbura ta don ido ya gani. Bai faɗi santimita nawa cikin zai kai ba. Wannan sai an yi wani lissafin dabam, mai wuya, wanda ke bin farantin mataki-mataki bayan ya banƙare.

Da yawa daga cikin binciken da ake yi da wannan hanya a kan kayan zamani ne, musamman farantin da fuskarsa ɗaya tangaran ce mai jure wuta, ɗayar ƙarfe, tsakiya kuma suna gauraya sannu a hankali. Masana a Japan suka fito da tunanin a 1984 don jiragen sararin samaniya. Tun da halin kayan yana canzawa sumul, hanyar da ba ta yanka shi gunduwa-gunduwa ta dace da shi.

Masu yabo da masu suka

Masu yabo suna cewa ba wahalar saƙa raga, ƙara ɗigo a inda ake so abu ne mai sauƙi, tsagewa da babbar lanƙwasa ba sa rikita ta, kuma sau da yawa ɗigogi kaɗan suna ba da amsar da raga sai ta yi yawa take bayarwa. Duk gaskiya ne.

Masu suka kuma suna da hujjoji masu nauyi. Tana cin lokacin kwamfuta, domin a kowane wuri sai an nemo maƙwabta an sake auna su, kuma kowane ɗigo yana hulɗa da ɗigogi da yawa. Faɗin da'irar ma zaɓin mutum ne: ta yi ƙanƙanta lissafi ya rushe, ta yi girma amsa ta dushe. Sannan sunan kansa akwai ƙari a ciki, domin EFG tana shimfiɗa wasu akwatuna a ɓoye don tara jimla, wato an kori raga ta ƙofa ta dawo ta taga. Wannan ne ya sa Atluri da Zhu suka fito da tasu hanyar, MLPG, a 1998, suna cewa tasu ce marar raga ta haƙiƙa.

Sukar da ta fi damuna ita ce ta bakin faranti. A hanyar raga, in kana son ka ce wannan kusurwa an kafe ta, sai ka rubuta sifili, shi ke nan. A EFG ba haka ba ne, domin motsin kowane wuri gaurayen maganar maƙwabta ne, ko da a kan ɗigon kansa. Ka kafe ɗigo, wurin yana iya motsawa. Dole a shigo da wata dabara, ko dai a ƙara wasu adadin da ba a sani ba a cikin lissafin, ko a sa tara mai tsanani a kan duk motsin da bakin ya yi. Tarar ta yi kaɗan baki ya zame, ta yi yawa lissafi ya birkice. Mun kuma riga mun ga cewa riƙon baki shi ke raba digiri 10 da 28. Raunin hanyar ya faɗo daidai inda amsar ta fi dogara.

Shi ya sa, bayan shekara talatin, raga ce har yanzu ke riƙe da ofisoshin injiniyoyi. Marar raga ta samu gurbinta a bincike da ayyuka na musamman irin karo, fashewa da tsagewa, kuma manhaja kamar LS-DYNA tana ɗauke da SPH da EFG a gefen raga. A ganina wanda ya ce ɗaya za ta kashe ɗaya bai duba da kyau ba.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin hanyoyin biyu. Kwamfuta ba ta san yadda kawu ya ɗiga waldarsa ba, ko ya bi layi gaba ɗaya ko ya yi tsalle-tsalle. Ba ta san fallen ya zo da ɗan doro daga shago ba, alhali babu farantin da yake miƙe sak, shi ya sa na gaske yakan fara tasowa a hankali tun kafin adadin da aka lissafa. Ba ta san bishiyar maƙwabci na rufe rabin ƙofar da ƙarfe huɗu ba. Abin da aka gaya mata shi take juyawa. Yaron da ya zaɓi "an danne ƙam" a manhaja, alhali noti huɗu ne ke riƙe da farantin, zai samu hoto mai kyau da amsar banza. A wannan gaɓar dattawan da ke tsaki suna da gaskiya, ko da ba su san sunan abin ba.

Me ya shafi mai gida da mai warsha?

Da farko, kwanciyar hankali. Faranti ba ginshiƙi ba ne. Ginshiƙi in ya lanƙwashe ya tafi ke nan, amma farantin da aka riƙe ta bakuna huɗu yana ci gaba da ɗaukar kaya bayan ya yi ciki. Ƙofar da ke ƙara ba faɗuwa za ta yi ba. Ɓarnar a hankali take zuwa: kullum a fita a dawo, shekara da shekaru, sai walda ta fara tsagewa, ramin noti ya buɗe, fenti ya ɓare, shinko ya fara yoyo ranar da ruwan Jidda ya sauko. Kladin, wato fallayen alminiyam da ake lulluɓe fuskar shaguna da su, ya fi saurin nunawa: falle mai mita 4 yana ƙaruwa da milimita 4.6 a digiri 50. Ratar da ake bari tsakanin fallaye ana cikewa da roba ba ado ba ce, kuma mai shagon da ya matsa wa ma'aikaci ya haɗe su don su yi kyau shi zai ga igiyoyi a watan Agusta.

A manyan ayyuka kuwa lissafin nan ya shafi rai. Layin dogo ba faranti ba ne, amma cutarsu ɗaya: kilomita ɗaya ta ƙarfen dogo tana neman ƙarin kusan rabin mita a digiri 40. Jirgin ƙasa na Haramaini da aka buɗe a 2018, mai tafiyar kilomita 450 tsakanin Makka da Madina da gudun kilomita 300 a awa, yana ratsa hamada ne a kan irin wannan ƙarfe. Layin dogo na zamani ana haɗe shi da walda, a ɗaure shi a kan wani zafi da aka zaɓa da gangan, yadda matsin rana ba zai kai ga tanƙwara shi ba. Haka tankunan mai, bututan matatun ruwan teku da tukwanen masana'antun Jubail da Yanbu. Yaranmu da ke Jami'ar Sarki Abdul'aziz, ko Ummul Ƙura, ko Jami'ar Sarki Fahad da ke Zahran, ko Jami'ar KAUST da aka buɗe a Thuwal a 2009, in sun kama wannan fanni ba za su rasa aiki ba. Shawarata gare su ɗaya ce: kafin ka yarda da kowace manhaja, ba ta farantin nan mai kusurwa huɗu da aka san amsarsa, ka ga ko za ta kawo digiri 10.

Shi kuwa kawu, da muka zauna na zana masa lissafin a bayan kwalin sandunan walda, bai ce komai ba sai da na kai wurin ninki huɗu. Ya ce, "Wato in na raba faɗin biyu, kamar na ninka kaurin ne?" Na ce haka ne, Kawu. Ya ce ai sun daɗe suna sa haƙarƙari, ba su dai san adadin ba. Ya koma gidan Alhaji ya sare waldar, ya gindaya haƙarƙari a baya suka raba kowane ganye gida-gida, kowane gida bai fi santimita 25 ba, wanda ke ninka juriyar falle mai mita ɗaya sau 16. Ya mayar da fallen da noti a ramuka masu ɗan tsawo don ya riƙa zamewa. Saura fenti. Kawu ya ce a shafa fari ko ruwan ƙasa, Alhaji ya ce ƙofofin layin duka baƙaƙe ne, tasa ba za ta fita zakka ba. Aka bar ta baƙa. Ƙarar ganga ta daina, sai dai a ranakun da zafi ya kai maƙura, wanda ke zaune kusa yakan ji 'yar ƙas-ƙas bayan la'asar, fallen yana zamewa a cikin ramukansa.